Gidan da Hadiyya Ba Ta Kwana Ba

Ta hanyar siminti na san Hadiyya.

Ban daɗe da dawowa Yamai daga karatu a Kanada ba, wasu masu ba da tallafi daga Turai suka ɗauke ni in duba musu aikin wata ƙungiya mai suna Matsuguni. Ƙungiyar ta gina gidaje arba'in a unguwar Bobiyel domin mutanen Saga, wata unguwa ta bakin kogi, waɗanda kogi ya cinye wa gidaje a shekarar da ya fasa dig, wato tudun ƙasar da aka yi don tare ruwa. Abu biyu aka ce in gano: ko kuɗin ya tafi inda aka ce ya tafi, da kuma ko gidajen sun amfani waɗanda aka gina wa. In amsar ta yi kyau, za a saki kashi na biyu na kuɗin, a gina wasu sittin kafin damina.

Kuɗin bai ba ni wahala ba. Shugaban ƙungiyar, Abdulrazak, mutumin Damagaram ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, irin waɗanda ko ƙusa suka saya sai sun karɓi takarda. Wuri ɗaya kawai lissafin ya kumbura: siminti ya wuce abin da aka tsara. Da na tambaye shi, sai ya ɗauki hularsa.

"Taso, Madam, in nuna miki inda simintinki ya shiga."

Bobiyel tudu ne, yashi ne, kogi na can nesa a wancan gefen gari. Gidajen jere suke, kowane ɗaki biyu da rufin kwano da ɗan tsakar gida. Tsarin ƙungiyar shi ne kowane iyali ya buga tubalin gidansa da kansa, ya kama wa magina aiki, sannan a ba shi makulli. To, da aka zo ƙofofi, mutanen Saga suka ƙi yarda da dokin ƙofa irin wanda ke cikin zanen ginin. Kowa ya tayar da nasa, wani taƙi ɗaya, wani biyu. Magina suka ce musu nan ruwa ba ya zuwa. Suka ce a Saga ma haka aka ce.

"Na yi faɗa har na gaji," in ji Abdulrazak. "Mutumin da ya ga katifarsa tana iyo, ba ka ce masa ya rage siminti."

Gida na ƙarshe a layin ya fi kowane. Dokin ƙofarsa ya kusa kai mini gwiwa, an shafe shi sumul, har an zagaye kusurwarsa don kada ta yanki ƙafa. Tsakar gidan a share take. Ƙofar a kulle.

"Wannan na Bawa ne," ya ce. "Allah ya ji ƙansa. Shi ne kuma ciwon kaina."

A mota ya yi mini bayani. Masu tallafin sun taɓa gina gidaje a wata ƙasa, mutane suka karɓi makullai suka ba da haya, suka koma inda suka fito. Tun daga nan suka kafa doka: wanda aka ba gida, shi ko matarsa, ya tare cikin wata uku, ya riƙa kwana a ciki. In bai tare ba, a ba na bayansa a layi. Kuma ba a sakin kashi na biyu sai kowane gida da mai kwana. An raba makullai lokacin yankan shinkafa. Bawa ya ce bari ya gama sussuka su tare gaba ɗaya. Bai gama ba ya rasu. Matarsa, Hadiyya, ta shiga takaba a bukkarsu ta Saga, kuma mai takaba a ɗakin da rasuwar miji ta same ta take kwana har ta cika wata huɗu da kwana goma. Wa'adin ƙungiya zai riga nata ƙarewa.

Washegari na tafi Saga.

Na same ta zaune a kan tabarma a ƙofar bukkar zana, cikin tsohon zane da lulluɓi, ba kwalli, ba ɗan kunne. Za ta yi shekara hamsin da ƴan kai. A gefenta rabin durom ne a kan murhu, shinkafa tana turara a ciki, wata mace mai jiki tana tura ɓuntu cikin wuta da tafin hannu. Na yi gaisuwa, na yi ta'aziyya. Hadiyya ta amsa kowace gaisuwa daidai, ba ta tsallake ko ɗaya ba, amma kamar mai karanta abin da ke rubuce a bango.

Mai tura wutar ce ta fara dubana sosai. Kadi ce, ƙanwar marigayin.

"Fofo," ta gaishe ni da Zabarmanci. "Ke ce Madam Kanada? An ce kin zo ƙirga mu. To ƙirga, mu biyu ne, na ukun yana maƙabarta."

Na yi ta zuwa bayan wannan, fiye da yadda aikin ya buƙata. Tarihin Hadiyya a gutsure na same shi, wani daga bakinta, mafi yawa daga bakin Kadi.

A unguwar Talaje aka haife ta, nan cikin Yamai. Mahaifinta mutumin Tawa ne, ya zo Yamai da buhunan albasa tun yana saurayi, bai koma ba. Ta yi lakwal, makarantar boko, shekara huɗu, har yanzu tana iya rubuta sunanta da lambobi. Mahaifiyarta na sayar da shinkafa a ƙofar gida, Bawa kuma shi ke kawo musu daga Saga a bayan keke. Uwarsa Bazabarma ce, ubansa Bahaushe, Hausarsa ta kasuwa ce. In ji Kadi, wata shida ya yi yana kawo shinkafar da ba a ce ya kawo ba, kafin tsohuwar ta gane abin da yake auna.

Da aka kawo ta Saga ba ta jin Zabarmanci ko kaɗan, kuma tsoron kogi take. Ko wanki sai ta ɗebo ruwa ta yi nesa da baki. Matan gida suka yi ta yi mata dariya suna kiranta ƴar tudu. Cikin shekara biyu ta iya harshen, ta kuma iya gumi: a jiƙa shinkafa, a turara, a shanya, a kai inji. Shi ne sana'arta har yau. Ta haifi huɗu, biyu suka tsaya. Mariyam na aure a Gaya. Yusuf ya tafi arewa wajen haƙar zinariya, waya ce kawai ke zuwa, ita ma ba kullum ba.

Ranar da dig ya fashe tana shanya. Ta ce ba ƙara ta ji ba, kaji ta ga suna hawa katanga. Kafin la'asar ɗakunan ƙasa uku da suka yi shekara da shekaru suna ginawa sun narke kamar gishiri. Suka zauna a ajin makaranta, daga nan tanti, daga nan suka komo suka kafa bukka a kan tsohon filin, domin gonar tana nan kuma shinkafa ba ta jiran mai ita ya sami ɗaki. Da ƙungiya ta rubuta sunansu, Bawa ya riƙa kammala gona da safe, ya hau keke ya ratsa gari har Bobiyel ya buga tubali, ya dawo da magariba fari fat. Rani guda ya yi a haka.

"Ya ce mini ya yi mini dokin ƙofa," in ji Hadiyya. Ba ta faɗin sunansa. "Ya ce in ruwa ya hau wanga, to duniya ce ta tashi."

"Kin gan shi, Inna?"

"Ban gani ba, ɗiyata. Cewa ya yi sai ranar tarewa."

Ya rasu ne da zazzaɓi. Ya dawo daga masussuka, ya jingina da buhu ya ce kansa na sarawa. Kwana kaɗan ya yi a gidan likita. Makullin gidan yana cikin aljihun rigarsa, Kadi ta ciro ta ɗaure wa matar a bakin zane.

Kadi ba ta zauna ba. Ta je buro, ofishin ƙungiyar, ta ce ita za ta kwana a gidan a madadin matar wanta, aka ce doka ba ta san ƙanwa ba. Sai ta ɓullo da wata dabara. Ta ji cewa mai zagayen ƙungiya ba ta tambayar kowa, murhu take dubawa da randa: in da toka a murhu, da ruwa a randa, to ana zaune. Kadi ta riƙa cika leda da tokar murhunsu, ta hau faba-faba, ƙaramar bas ta haya, har Bobiyel, ta zuba, ta share tsakar gida, ta cika randa, ta dawo.

"Har baƙin hayaƙi na shafa wa duwatsun murhu," ta ce mini, tana tafa hannu. "Aiki mai kyau, wallahi. Sai ga yarinyar nan ta buro, ta duƙa, ta murza tokar da yatsa, ta ce, 'Goggo, wa ke ƙona ɓuntun shinkafa a Bobiyel?' Na ce iska ce ta kawo. Ta ce, 'Iskar ta biya kuɗin faba-faba?'"

Na yi dariya, Kadi ma ta yi. Hadiyya tana tsince tsakuwa a faifai, ba ta ɗago ba.

"Ke kuma, matarmu, ko murmushi? Saboda ke fa na zama ɓarauniyar toka."

"Sannu, Kadi," ta ce. Shi ke nan.

Na rubuta wa masu tallafin, na bayyana musu mene ne takaba, na nemi a ɗaga wa gida ɗaya ƙafa. Amsar ta zo da ladabi. Sun yi ta'aziyya, sun ce abin ya taɓa su, kwamitinsu zai duba batun a zamansa na gaba, bayan wata uku. Kafin nan doka tana nan yadda take. Abdulrazak na iya barin gidan a kulle in ya so, amma to kuɗin kashi na biyu sai baɗi.

Ya karanta, ya cire tabarau, ya murza idanu.

"Gida sittin, Madam. Suna cikin tanti tun shekarar ruwa. Damina ba ta jiran kwamiti."

Shi da kansa ya nemo limamin unguwar, muka tafi tare wata safiya, saura mako ɗaya wa'adi ya cika. Lokacin kogi ya yi cikar da yake yi da rani, in ruwan sama na can ƙasashen da kogin ya taso ya iso. Daga ƙofar bukkar ana hango shi yana sheƙi a bayan dig, ya kusa baki.

Liman dattijo ne mai sanyin murya. Ya zauna nesa kaɗan, ya juya mata gefe.

"Hadiyya, addini bai zo ya matsa wa kowa ba. Malamai sun ce mai takaba in ta ji tsoron gini zai faɗo mata, ko ruwa, ko ɓarayi, ta iya tashi ta ƙarasa kwanakinta a wani ɗaki, babu laifi a kanta. Ga kogi nan kina gani. Ke kaɗai kika san zuciyarki. Kina jin tsoro?"

Ta juya ta dubi ruwan. Ta daɗe tana dubansa, kamar mai neman wani abu da ta ajiye ta manta wurin. Kwalekwale ya wuce. Wutar murhu ta ci ɓuntunta ta lafa.

"A'a, Malam."

Kadi ta miƙe tsaye.

"Ke! Ke da ko wanki ba ki yi a bakin kogi? Ke da ruwan nan ya cinye miki ɗaki uku? Ce kina tsoro mana! Ni ina tsoro, in ara miki?"

"Kadi, zauna," in ji liman.

"Na duba, Malam," Hadiyya ta ce. "Babu. Da akwai da na faɗa. Tun da ya tahi ban ji tsoron komi ba. Yunwa ma sai Kadi ta tuna mini."

Abdulrazak ya matso, ya durƙusa a kan yashi da farar shaddarsa.

"Yaya, don Allah. Ba na son in karɓe gidan nan. Na ga mutumin nan yana buga tubali har hannunsa ya tsage. Kalma ɗaya ce. Ki faɗe ta, yau ɗin nan in kawo mota."

"In faɗa wa Malam abin da babu?"

Ya tashi, ya kakkaɓe yashin gwiwarsa.

"Kai ma aikinka kake yi," ta ce. "Yi abin da takardarka ta ce. Ni ma tawa nake bi."

Liman ya yi addu'a, muka shafa. A hanya, da muka kai kwalta, Abdulrazak ya ce wa direba ya kashe rediyo.

Da wa'adi ya cika aka ba Iklima gidan. Ita ce ta gaba a layi, ita ma ruwa ne ya tashe ta daga Saga: mijinta ya tafi neman kuɗi bai dawo ba, ita da ƴaƴa biyar suna zaune a wani kango a Talaje suna gadin yashi da ƙarfen mai ginin, wanda ya riga ya ce su tashi zai zuba rufi. Ba ta buga tubali ko ɗaya ba, aka ce za ta biya da aiki a kashi na biyu. Na je ranar da ta tare. Ƙananan suna ta shiga ɗaki suna fita, suna buɗe taga suna rufewa.

Rahotona ya faɗi abin da na samu. Kuɗi ya tafi inda aka ce, rarar siminti tana dokin ƙofofi, gida arba'in kowane da mai kwana. Na ƙara shafi ɗaya a kan takaba. Aka saki kuɗin. Daga baya na ji kwamitin ya gyara dokar, gyaran kuma bai shafi abin da ya wuce ba.

Hadiyya ta fita takaba cikin tsananin bazara. Aka yi wanka, aka yi kitso, aka raba sadakar masa. Mariyam ta zo daga Gaya da turmin atamfa, Yusuf ya yi waya. Abdulrazak ya aiko cewa ya sa sunanta a farkon layin gidaje sittin.

"Madalla," ta ce da ɗan aiken ya gama. "Wa zai buga tubalin?"

Kadi ta ce ita za ta buga, Hadiyya ta dubi gwiwoyin Kadi kawai.

Bayan kwana biyu ta aiko a ce mini tana son ganin gidan. Na zo da mota, ta ce a'a, yadda marigayin yake zuwa take son ta bi, ta tsakiyar gari. Keke ba ta iya ba, sai muka hau faba-faba, muka sauya a kasuwa. Duk tafiyar tana duban waje. Sau ɗaya ta yi magana, wajen wani hawa mai tsawo.

"Nan ma da keke?"

"Nan ma, Inna."

Iklima tana wanki a tsakar gida. Da na faɗa mata ko wace ce, sai ta saki rigar cikin ruwa, ta goge hannu a zane, ta rasa inda za ta sa idonta. Ta kawo tabarma, ta kawo ruwa a kwano.

Hadiyya ba ta zauna a tabarmar ba. Ta tsaya gaban dokin ƙofar, ta dube shi, ta duƙa ta bi zagayayyar kusurwar da tafin hannu. Sannan ta tattara zane ta ɗaga ƙafa ta ƙetare. Ta shiga ɗakin farko, ta shiga na biyu, ta ɗaga kai ta dubi kwano. Ta fito ta zauna a kan dokin ƙofar, ta sha ruwan.

"Inna, ki yafe mini," in ji Iklima. "Wallahi ban san da ke ba sai da na shigo."

"Mi kika yi? Ɗaki ne, an ba ki."

Iklima ta nuna goshin ƙaramar ɗiyarta, inda wani ƙulu ya taso.

"Akwai abin da nake son in tambaye ki. Abin ga ya yi wa yara tsawo, kullum sai wani ya faɗi. Wani magini ya ce zai sare mini shi rabi. Na ce sai na ji daga bakin masu shi."

Na dubi Hadiyya. Ban ga komai ya motsa a fuskarta ba.

"Gidanki ne," ta ce.

Ta kwance bakin zanenta. Ƙullin ya yi tauri, sai da ta sa haƙori. Ta ciro makullin ta miƙa.

"Inna, ai sun sauya kwaɗon."

"To. Riƙe dai."

Iklima ta karɓa da hannu biyu. Hadiyya ta dafa gwiwa ta tashi, ta gyara lulluɓi, ta tambaye ni ko a nan faba-faba ke tsayawa ko sai mun taka zuwa kwalta. Ta ce ta bar shinkafa a jiƙe, in ta wuce la'asar za ta yi tsami.